Kafin a Shiga Tiyata

Saura kaɗan a shiga da ita ɗakin tiyata, sai ga telan da zai aure ta ya shigo, riƙe da kwalba a leda. Ta dube shi, shi kuwa ya dubi ƙasa.

Likita ya riga ya gaya musu cewa ƙari ya cika mahaifar, namanta kuma ya tsiro har jikin hanji. Allurai sun gaza, abin da ya rage shi ne a cire ta.

"Innata ce ta aiko da magani," in ji shi. "Wai ki gwada tukuna. Ko ɗa ɗaya ne mu samu, sannan a yi aikin."

"Inna ce ta faɗa, Yaya, ko kai?"

Ya shiga murza bakin ledar.

"Kai fa ka ɗaga ni daga ƙasa a shagonka, ina cizon yadin mutane don kada in yi ihu. Ka manta?"

"Ban manta ba. Amma a ce har abada babu..."

Ta daɗe tana kallon hannayen nan da suka ɗinka mata kayan biki. Sannan ta kau da kai wajen ma'aikaciyar jinya.

"Sista, na shirya." Shi kuwa ta ce masa, "Malam, ɗan matsa, gado zai wuce."