Madarar wanke ƙirji

Da aka rushe wani tsohon gidan Turawan kuza a Rayfield, Baba ya kwaso silin ɗinsa a amalanke zuwa gidanmu na Dilimi, don sanyi ya ishe mu. Kafinta ne. Ya zauna a tsakar gida yana yanka da zarto, farar ƙura tana sauka a gemunsa da bakin randa. Ni kuwa ina tara garin ina shafawa a fuska kamar hoda.

Tari ya sarƙe shi, ya daɗe bai sake shi ba. Inna ta leƙo daga madafa.

"Malam, anya abin nan ba ya cutarwa?"

"Asbesto ne, ko wuta ba ta cin sa," in ji shi. Ya huda gwangwanin madara, yadda masu aikin ƙura suke yi, ya kurɓa ya miƙo mini. "Sha, uwata. Madara tana wanke ƙirji."

Na shanye har da lashe baki.

Madarar ba ta wanke nasa ba; ƙurar nan ta ci masa huhu a hankali. Bana na kai shekarunsa na lokacin da ya fara haki, kuma duk tarin da na yi sai na tsaya na saurare shi.