Masar Habib

Tizhe ko sallama bai yi ba. Ya hamɓare teburin Habib mai masa, miya ta watse, ya shaƙo wuyansa.

"Sau nawa na faɗa maka jikin matata ba ya ɗaukar alkama? Ka zuba fulawa a masa, ga ta can asibiti tana ta amai!"

"Wallahi shinkafa ce zalla, yallaɓai," in ji Habib.

Tizhe ya maka shi da ƙasa, ya zaro itace daga murhu ya sauke masa a hannun dama. Duk wanda ke wurin ya ji ƙarar ƙashin. Da ƙyar mutum uku suka ɓamɓare shi.

Tizhe ya koma asibiti yana huci, da jini a rigarsa. Ya tarar matarsa Dorathy ta farfaɗo. Ta riƙo shi tana hawaye.

"Baban Eva, ƙarya na yi maka, ba masar ba ce. Burodi na saya na ci a ɓoye, shekara huɗu ina kwaɗayinsa." Ta share idonta. "Yunwa nake ji. Je unguwar Lokuwa ka karɓo min abinci wurin Habib. Duk Mubi hannunsa kaɗai na yarda da shi."