Kifin da Ba a Juyawa

Kwanansu uku a Vung Tau, Dinh bai taka yashin bakin teku ba. A ɗakin masauki yake wuni, ya juya wa taga baya. Matarsa Lieu ce ta nace da wannan hutun. Shekara huɗu da aurensu, bai taɓa yi mata tsawa ba, bai kuma taɓa dubanta ido cikin ido ya daɗe ba. Tun kafin su baro Saigon ta yanke a ranta: in suka koma bai sake da ita ba, gidan iyayenta za ta wuce.

Da rana ta ja shi zuwa wani ƙaramin gidan abinci a ƙarshen titi, mai tebura shida da kujerun roba. Ya zaɓi kujerar da ke kallon bango.

Ba su faɗi abin da suke so ba sai ga mai kawo abinci, wata ƙatuwar mata mai haƙorin zinariya, ta dire musu kasko. Kifi ne guda cur, an dafa shi da kurkum da ɗanyar abarba, barkono ya yi masa ja.

"Ba mu ce a kawo ba," in ji Lieu.

"Kyauta ce, amarya. Yau kowa ya shigo sai ya ci, umarnin uwar ɗakina ne. Ki ci ki yi ƙiba, wannan siririn wuyan naki ko tsinke ya fi shi."

Dinh ya kai loma ɗaya, ya tsaya. Ya daɗe bai haɗiye ba. Daga nan ya ja kaskon gabansa ya shiga ci, irin cin da Lieu ba ta taɓa ganin ya yi wa girkinta ba.

Da gefe ɗaya ya ƙare, ta sa tsinkayen cin abinci za ta juya kifin. Caraf ya damƙe mata hannu.

"Kar ki juya shi!"

Muryar ta fito da wani karin harshe mai nauyi, ba irin wanda yake magana da shi kullum ba. Ya sake ta, ya kama ƙashin ta wutsiya ya ɗaga shi ɗungurungum, ko tsoka ɗaya ba ta biyo ba.

Mai haƙorin zinariya ta ƙyalƙyale da dariya. "To fa! Ɗan masunta kika aura ba ki faɗa ba? Su ne ba sa juya kifi, wai kifar da jirgi ne."

"Wa? Shi?" Lieu tana murza hannunta. "Maraya ne daga kan tsauni, cikin gonakin kofi ya tashi. Ko a baho sai an riƙe shi."

Dinh bai yi dariya ba. Kansa na ƙasa, hawaye na ɗiga cikin shinkafarsa, bai fasa ci ba.

"Yaya Dinh, lafiya?"

"Barkono ne."

Ta san ba barkono ba ne. Amma wani daɗi ya ratsa ta. Ashe akwai abin da ke kaiwa ga zuciyar mutumin nan. In kifi ne, ai ita ma tana da hannu. Ta ce za ta wanke hannu, ta ɗaga labulen madafa ta shige.

Mai girkin, wadda ita ce mai gidan abincin, siririya ce, ba ta wuce arba'in ba, rana ta ƙona mata fuska. Tana tsugune tana fere abarba.

"Anti, don Allah ki koya mini kifin nan. Mijina ne ya ci har da kuka."

"Kuka? To ki riƙe shi da kyau, ƙanwata, namiji mai kuka tsada gare shi." Karin harshenta na mutanen tsakiyar ƙasa ne, mai nauyi, ya yi wa Lieu kama da wani abu da ta kasa tunawa. "Ba wuya. Abarbar kada ta nuna, kurkum ɗanye, wuta kaɗan kaɗan. Sai dai ni sau ɗaya nake dafa shi a shekara. Yau ce ranar tunawa da maigidana, shi ne abincin da ya fi so."

"Wayyo. Ki yi haƙuri, ban sani ba."

"Shekara bakwai ke nan. Shi ne matuƙin jirgin kamun kifi. Su shida suka fita, guguwa ta same su. Teku ta dawo da gawar biyar, ta riƙe nawa." Ta share wuƙa a zaninta. "Muka yi yadda ake yi a garinmu. Aka gina mutum da yumɓu a madadin gawarsa, aka kira sunansa, aka binne. Matan sauran suka daina gaishe ni, wai shi ya nace a fita ranar. Na goya 'yata na yo kudu. Neman aure ba wanda ba a yi mini ba, ƙanwata, amma bayan shi wa zan kalla?"

Lieu ta ji kishin wannan mata. Ita nata ya mutu, amma ta san an so ta.

"Tunda kin ci abincinsa, zo ki kunna masa turare. Yana son baƙi."

Ta kai ta lungu, inda aka kafa ɗan katako a bango, da ayaba da kwanon shinkafa da kofin shayi a kai. Lieu ta karɓi tsinken turare da hannu biyu, ta sunkuya sau uku, sannan ta ɗago kai ta dubi hoton da hayaƙi ke lulluɓewa.

Hoton mijinta ne, mutumin da ta baro a tebur, yana cin abincin tunawa da mutuwarsa.