Jan Farce

Tun da sabuwar allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta zo, duk yaron da jikinsa ya karɓe ta, farcensa kan yi ja. Wanda nasa bai yi ba, a asibiti ake killace shi har damina ta wuce.

Kulu ta miƙa wa malamar asibiti hannun 'yarta Tasalla.

Malamar ta murza farcen, ta daɗe tana dubawa. "Ta kama. Allah ya raya."

"Amin, Malama," in ji Kulu, tana ɓoye yatsunta cikin mayafi, don lallen da ta ƙunsa wa yarinyar ya rina su.

A hanyar gida ta ga sauro a wuyan Tasalla. Ya riga ya ƙoshi.