Ranar da Ƙofar Kasuwa Ta Tare Rumasa'u

Tun da aka kafa sabuwar dokar, ba mai shiga kasuwa sai ya faɗa wa allon ƙofa wanda yake wa aiki. Rumasa'u ce ta tsara allon lokacin tana kamfani. Jiya ta ajiye aikin, yau ta zo haɗa wa Hajiya Tabawa manhajar tallan atamfa, aikinta na farko na ƙashin kanta.

"Wa kike wa aiki?" in ji allon.

Ta san ba ta saka gurbin mai zaman kansa ba.

Hajiya ta leƙo ta tsakanin ƙarafunan ƙofar. "Faɗi sunana mana, 'yata."

"Hajiya, in na faɗa, na zama ma'aikaciyarki har shekara biyar."

Mutanen layi suka fara tsaki. Rumasa'u ta matso kusa.

"Kaina nake wa aiki," ta ce.

Allon ya ɗauki hotonta, ƙofa ba ta buɗe ba. Hajiya ta daɗe tana kallonta, sannan ta fito waje, ta jawo bencin mai shayi.

"Zauna ki kunna kwamfutar. Amma mu juya wa abin nan baya."