Kocin da Gwiwa Ta Zaunar

Kai da aka ɗora a kan abokan aikinka na jiya, ga wani misali, ka riƙe shi.

A ƙasar Kuroshiya, can Turai, a wani garin masunta na bakin teku, an yi wani ɗan wasa da ƙwallo ke bin ƙafarsa kamar ta san shi. Ɗan tsakiya ne, kafin abokin hamayya ya juyo ya riga ya aika ta inda ya ga dama. Ya buga wa garinsu, manyan ƙungiyoyin ƙetare suka ɗauke shi, ya ci zamaninsa har shekaru suka ce ya isa haka. Da ya dawo gida sai ƙungiyar garinsu ta ba shi aikin koci, domin tana tangal-tangal, saura ƙiris ta faɗa ƙaramin rukuni, kuma kowa ya san in ta faɗa, filin wasan zai koma wurin shanyar tarun kamun kifi. Ya karɓa da zuciya ɗaya. Sai dai har lokacin da ƙafa yake koyarwa. A wurin atisaye, ɗan wasa na yin kuskure zai busa usur, ya karɓe ƙwallon, ya lanƙwasa ta cikin raga, ya ce, "Ka gani? Ai ba wuya!" Su kuwa su tafa masa, su sunkuyar da kai. Ɗan gabansu, wani dogo mai nauyin ƙafa, har ya kai ga tsoron buga ƙwallo, don ya san tasa ba za ta yi kyan ta koci ba. Aka yi ta cin su, mako na bin mako. Masuntan da a da ke tare shi a hanya su rungume shi, yanzu sai su ɗaga masa hannu daga nesa, su ci gaba da gyaran jirginsu. Abin ya dame shi ƙwarai, amma bai ga inda gizo ke saƙa ba.

Wata safiya yana nuna musu yadda ake juyi, gwiwarsa ta goce, ya zube. Likita ya ɗaure ƙafar, ya ba shi sanda, ya ce benci ne wurinsa har kakar wasa ta ƙare. Ya zauna yana jin kansa kamar kifin da aka fitar daga ruwa. To, da ƙafa ta yi shiru sai ido ya buɗe. Ya lura dogon nan ƙasa ce ba ta karɓe shi ba, amma a sama babu mai kamo shi. Ya lura wani ɗan baya da yake yi wa kallon mai sanyin jiki yakan riga kowa gane inda ƙwallo za ta faɗo. Ya kira dogon, ya tambaye shi abin da bai taɓa tambayar kowa ba: "A ina kake so a riƙa ba ka ita?" Dogon ya nuna goshinsa. Daga nan aka sake tsari, kowa aka ajiye shi inda ƙarfinsa yake. A wasan ƙarshe, wanda in an ci su sun faɗa, aka ɗago ƙwallo daga gefe, dogon ya yi sama, ta bugi kansa, ta bugi kafaɗarsa, ta gangara raga a karkace. Da ita suka tsira. Shugaban ƙungiyar, wani tsoho da ya san shi tun yana ƙarami, ya dafa shi yana dariya, ya ce, "Ɗana, da kai ne da ta fi haka kyau." Kocin ya gyara riƙon sandarsa, ya ce, "Baba, da ni ne, da kaina bai kai can ba."

Gaskiyar Hausawa ne da suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.