Taswirar Dangin Gogo

Nokwanda ta faɗa ɗakin jarrabawa a guje, ko lambar ƙofa ba ta tsaya dubawa ba. Shekara biyu ke nan tana digiri na biyu a Johannesburg, tana koyon ba iyalai shawara kan cututtukan gado, yau kuma damarta ta ƙarshe. Bara ta sha ƙasa. Farfesa Gcabashe ya yi mata murmushin nan nasa mai wushirya, ya ce bakinta ya fi kunnenta aiki, in ta sake faɗuwa ta tattara nata ya nata.

Tsarin sananne ne. A ɗauko 'yar wasan kwaikwayo ta zama mai neman shawara, ɗalibi ya yi mata tambayoyi ya zana taswirar danginta, murabba'i namiji, da'ira mace, malamai na kallo ta kyamara.

Ta bana tsohuwa ce, bargo a kafaɗa, jaka a cinya, tana ɓare lemo.

"Ni fa lafiyata ƙalau, jira nake," in ji ta.

Ah to! Musun ciwo, darasin zangon farko. Nokwanda ta danne murna, ta kira ta kaka da yaren Zulu, ta ce, "Gogo, duk abin da kika faɗa a nan, a nan zai tsaya."

"Rantse, 'yar nan."

Ta rantse, ta kuma yi abin da ya gagare ta bara, ta ja bakinta ta yi gum. Ai kuwa tsohuwa ta ɓalle. Ciwon ƙoda ya ɗauke mijinta, ya bi 'ya'ya biyar cikin shida, auta kaɗai ya ƙyale.

"Ikon Allah," in ji Nokwanda.

"Ikon Mkhize dai, mai gyaran rediyo!" Gogo ta ƙyalƙyale. "Maigidana na can ramin haƙar zinariya wata goma sha ɗaya a shekara, rediyona kuma ba ya rabo da lalacewa. Ran da yaron ya yi haƙori, na ga wushiryar Mkhize sak, na ce shi ke nan, asirina ya tonu. Shekara hamsin da takwas, ke ce ta farko da ta ji."

Sai ga hawaye shar. Nokwanda ta miƙa mata hankici, tana cewa a ranta wannan baiwar Allah ta ci kuɗinta. Ta goge layin da ta ja tsakanin auta da mijin Gogo, ta maƙala murabba'in auta a ƙarƙashin Mkhize, har da rubuta sana'arsa.

Aka banko ƙofa. Farfesa ne, rai a ɓace.

"Rabin awa muna jiranki a ɗaki na biyar, kina na huɗu kina me?"

Nokwanda ta kai ido kan lambar ƙofa. Kafin ta motsa ya zare takardar daga hannunta.

"To, ko ba komai kin yi zane. Bari in ga ko zai cece ki."

Ya ɗora tabarau a hanci, sai a lokacin ya lura da mai lemo.

"Au, Mama, nan kika ɓuya? Bari autanki ya karanta wannan, sai mu je cin abinci."